Ranar da Aka Gyara wa Baba Ɗaki

"Wa ya taɓa min rediyo?!"

Auta ta yar da tsintsiya ta ruga. Ta tarar da Baba yana lalube a tsakar ɗakinsa, ƙaurinsa na jini, ga kujera a kife. Shekara biyu ke nan ganinsa ya ja baya, sai dishi-dishi, amma ya haddace ɗakin nan kaf. Rediyo a bakin taga, maganin ido a ƙarƙashin filo, taku huɗu zuwa ƙofa.

Auta ta ce, "Baba, Mai Fenti ne. Ya zo gaishe ka kana asibiti, ya ga ɗakin a hargitse, shi ne ya gyara."

"Gyara? Wannan saurayin naki ya mai da ni baƙo a ɗakina! Ki gaya masa maganar aure ta mutu. Wanda ya juya min ɗaki bai tambaye ni ba, gobe ke zai juya!"

Ranar Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura, don Allah ya sani tana son yaron nan. A waya Mai Fenti sai cewa yake, "Sori, wallahi burge shi na so yi."

"Ai ka burge shi, har da jini!"

Bawan Allah bai yi zuciya ba. Kullum da ya tashi daga aiki sai ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe da Baba, Baba kuwa ya ƙure muryar rediyo. Sati uku ana haka. Rannan dai ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, na yi laifi da ban tambaya ba. Yau tambaya na zo yi. Wane launi ka fi gani?"

Baba ya ce, "Ruwan ɗorawa. Ina ruwanka?"

"Ka yarda in shafa shi a bakin matakala?"

"Shafa mu gani, sarkin ɓarna."

Mai Fenti ya shafa a matakala, ya nemi izini ya shafa a mariƙin ƙofa, sannan ya ja layi mai kauri tun daga ɗaki har bakin get. Da fenti ya bushe Baba ya fito, ya ture hannun Auta, ya bi layin nan taku bayan taku. Sai ga shi tsaye a bakin titi shi kaɗai, abin da rabonsa da yi tun bara waccan. Ya jima a wurin yana goge ido da hannun riga.

"Auta!"

"Na'am, Baba."

"Ki ce wa wannan ɗan rainin wayon ya turo manyansa."

Auta ta daka tsalle, Mai Fenti kuwa don murna har ya zauna a kan bokitin fenti a buɗe.

Mai son taimakon tsoho ya fara tambayarsa tukuna, don idonsa ne ya gaji, hankalinsa na nan daram. Wanda kuma ya yi laifi ya jure horo bai gudu ba, shi ake ba amana.