Wayar da Injiniya Ya Toshe

Magariba ta kawo jiki, Injiniya na zaune a falo da kwamfuta a cinya, yana duba na'urorin da ke hawa waifai ɗin gidansa. Sana'arsa ke nan, kafa wa ofisoshi intanet, kuma ko a gida bai yarda da kowa ba. Kowace waya sai ya ɗauki lambar jikinta, ya raɗa mata suna, sannan ya buɗe mata hanya. A ranar ya ga wata baƙuwa, ba suna, lamba zalla. Ya ja tsaki, ya ce ɓarayin maƙwabta ne, ya toshe ta. Bai tambayi kowa ba, dama tambaya ba halinsa ba ce.

Ba a jima ba gidan ya canza. Rana na faɗuwa sai duwatsu su fara sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. A leƙa waje, ba kowa. 'Yarsa Auta, wadda ta rage magana tun rasuwar uwarta, ta daina ci. Wata rana da yamma ta shigo da ƙura a ƙafa, ta zauna a ƙasa, ta yi dariya da muryar ƙato.

Yayar Injiniya ce ta kira malami. Malam ya zauna, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa wuya. Can yarinyar ta sandare.

"Wane ne kai? Me ya kawo ka gidan mutane?" in ji Malam.

"Ni ban zo ba," muryar ta amsa. "Ita aka koro mini."

"Wa ya kore ta?"

Idon Auta ya juya kan ubanta. "Wancan. Tsohuwar wayar uwarta ke hannunta. Muryar matar na ajiye a intanet, kullum da magariba take ɓuya a ɗaki ta saurara. Ya rufe mata hanya. Sai ta riƙa zuwa kangon bayan gida tana laluben waifai ɗin maƙwabta, tana kuka a kan 'ya'yana."

Injiniya, shi da ke gane baƙuwar na'ura cikin ɗari, bai gane wayar matarsa ba. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Fita," Malam ya ce.

"A bar mini wayar. Ni ma na saba da muryar."

"Ba taka ba ce."

Muryar ta ce, "To kada ta sake taka mini kango."

Malam ya dubi uban. Da ƙyar Injiniya ya ce, "Ba za ta sake ba. Ni na jawo."

Auta ta yi atishawa, ta zube. Jifan ya tsaya cak. Da ta farfaɗo ta ga ubanta durƙushe a gabanta, sai ta zaro wayar daga cikin riga, ta miƙa masa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na san ba ka son a hau ba izini. Tsoro na ji kada ka karɓe mini ita."

Ya buɗe baki zai ce wani abu, kuka ya riga shi.