Gidan Da Aka Hana Faɗa

Wata bakwai ke nan da wani kafinta ya faɗo daga kan rufi lakar bayansa ta taɓu, ƙafafu suka daina aiki. Tun ranar da aka sallamo shi, mahaifiyarsa ta tare a gidan ta kafa doka: kada wanda ya kawo masa damuwa, kada wanda ya yi masa musu. Matarsa, wadda yake kira Rediyo saboda surutu, ta bi dokar sau da ƙafa. Famfo ya lalace, ta ɓoye. 'Yarsu ta faɗi jarrabawa, ta ɓoye. Ya ce fari baƙi ne, ta ce haka ne.

Da safiyar wata Laraba tana gyara masa matashi a keken guragu, ya ce mata, ba tare da ya kalle ta ba, ya yanke shawarar sawwaƙe mata. Akwai nas-nas masu kula da shi a asibiti, in ji shi, bai ga dalilin tsare wata a gida ba.

Ta yi kuka a kicin har idonta ya kumbura. Inna, surukarta, ta ce ta yi haƙuri kada ta tanka, ciwo ne ke magana.

Washegari ranar taron masu irin larurarsa ce a sashen gashin ƙashi na asibiti, inda ake zama da'ira da iyalai ana buɗe ciki. Ya ƙi zuwa, ta tafi ita kaɗai. Mai jagorantar zaman wata malamar makaranta ce, shekararta goma sha biyu a kan keke. Ta saurari Rediyo har ƙarshe, sannan ta tambaye ta:

"Yaushe rabonku da faɗa?"

Rediyo ta ce Allah ya kiyaye, ta yi faɗa da mara lafiya? Malama ta yi dariya, ta ce ita ma haka danginta suka lallaɓa ta kamar ƙwai har ta fara jin ta mutu ba a binne ta ba. Ƙafa ce ta tafi, ba kai ba. Wanda ba a nemansa a komai, shi zai fara neman hanyar fita.

Tana komawa gida ta durƙusa gaban Inna ta nemi gafara, ta ce yau za ta karya doka. Ta shige ɗaki.

"Baban yara, saki ko? To kafin nan, famfo sati uku yana zuba, 'yarka ta sha ƙasa a lissafi, kai kuma ka zama sarkin tsaki. Na gaji!"

Ya zaro ido. Sati uku, yana cikin gidan ba a faɗa masa ba? Ya ce ita ce ta sangarta yarinyar, ta ce halin ubanta ta ɗauko. Inna ta leƙo hankali tashe, sai ta ga ɗanta yana tura keke da kansa yana neman sifana.

Da la'asar famfo ya daina zuba. Inna ta daɗe tana kallon hannunsa da ya yi baƙi, sannan ta ce a hankali, to ita ma ƙofar ɗakinta ba ta rufuwa.

Maganar saki ba ta sake tasowa ba, mako na gaba kuma tare suka je taro. 'Yan'uwa, tausayi ibada ne, amma wanda Allah ya jarraba a bar masa rabonsa na nauyin gida, don da shi yake sanin har yanzu ana buƙatarsa.