Satar Agogon Tsayi a Garejin Baba

Da Baba Mai Agogo ya buɗe garejinsa da hantsi, rami ya tarar a tsakiyar allon da ke gaban kujerar matuƙi, zagayayye kamar bakin kofi. Agogon tsayi, wanda ke nuna nisan jirgi daga ƙasa, ya yi ƙafa.

Kafin Sajen 'yan sanda ya iso, tsohon ya gama nasa binciken, ya yanke hukunci, har ya sa an ajiye Kafinta, mai yi masa aikin katako, a bayan kanta. Irin ƙarar da Saje ya fi tsana ke nan, wadda mai kaya yake kawo ɓarawonsa da kansa.

Garejin ba mota a ciki. Hancin jirgin sama ne na katako ya cika shi, da kujera, da sitiyari, da manyan allunan kwamfuta a madadin gilashin gaba. Agogunan da ke jere kuwa ba na ado ba ne. Baba ya yi rayuwarsa yana gyaran agogon hannu, shi ya sa ya saka wa kowanne ƙaramin inji a baya, yadda in jirgin cikin kwamfuta ya karkata, allurar nan ma sai ta karkata. Shekaru ya kwashe a kan aikin, duk don autarsa da ke makarantar tuƙin jirgi.

"Jarrabawarta ta ƙarshe ta ƙarato," in ji Baba. "Gobe malaminta zai zo ya ga aikin. Na aika masa, ya ce dama yana son ganina. Kuma sai in nuna masa rami? Ai wannan agogon na jirgin gaske ne, ɗana, ba a samunsa a kasuwa."

"Me ya sa ka ce Kafinta ne, Baba?"

"Shi ke da ɗayan makullin. Kuma jiya mun yi sa'insa."

"A kan me?"

"Ya ce abin nan akurkin kaji ne mai lantarki."

Saje ya danne dariyarsa da ƙyar. Ya duba kwaɗon ƙofa, ba a ɓalle shi ba. Ya duƙa ya haska bayan allon. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, an zare su ne a tsanake, kusoshin kuma ga su nan a jere a kan tebur. Ga kwamfuta, ga alluna masu tsada, ba a ko taɓa su ba. Duk lokacin nan Baba na tsaye a kansa yana bayanin yadda iska ke ɗaga fiffike, har kan Saje ya fara sarawa.

"Baba, don Allah bar fiffiken nan. Yaya ka bar wurin jiya da yamma?"

"Yadda nake barinsa kullum. A kunne."

"Yau fa?"

"A kashe na same shi. Uwarsu ce, ba ta da aiki sai ƙorafin wuta."

Saje ya sake kallon kujerar. Makunnan da ke jere a ƙasan allon duk an mayar da su ƙasa, ba a tsallake ko ɗaya ba. An soka wani ƙarfe mai jan ƙyalle a wuyan sitiyarin, ya kafe shi. Bel ɗin kujera kuma an ɗaure shi a kan kujerar da ba kowa.

Mama, matar Baba, na tsakar gida tana shanya. Saje ya tambaye ta ko ita ta shiga ta kashe, ba ta ko juyo ba.

"Ni in shiga wannan wurin? Allah ya kiyaye. In ya ishe ni, filogin nake fizgewa daga bango, in bar shi da jirginsa a sararin samaniya."

"Jiya kin fizge?"

"Ban samu zarafi ba. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya zauna ya ci abinci da mutane. Ƙofar banɗaki ta ɓalle tun bara, yana can yana goge allura."

Auta ta kawo wa Saje ruwa. Siririya ce mai sanyin murya, ta ce ita ba ta ji komai ba, karatu take a ɗaki. Ta koma ciki da sauri.

Saje ya sa aka kawo Kafinta daga ofis. Mutumin ya shigo yana huci, rigarsa duk garin katako.

"Yallaɓai, ni da na fafe katakon nan da hannuna, ni zan sace? In kai wa wa? Agogon da ba ya ko nuna lokaci!"

Saje ya ce Baba ya kunna komai. Fitilu suka kawo, allurai suka yi tsalle suka tsaya.

"To, Kafinta, kashe mana."

Kafinta ya ƙura wa makunnan ido. Ya taɓa ɗaya, wata ƙara ta tashi kamar ta motar asibiti. Ya taɓa wani, allon gaba ya nuna jirgin ya kifa hanci ƙasa. Baba ya dafe kai yana salati. Daga ƙarshe Kafinta ya yi tsaki, ya bi waya har bango ya fizge filogin.

"Kai fa, Baba? In za ka kashe, yaya kake yi?"

"Babban makunnin nan nake bugawa, shi ke nan."

"Ƙarfen nan mai jan ƙyalle fa?"

"Na kafe sitiyari ne, kada iska ta kaɗa jirgi in yana ajiye. Ni ban taɓa sa shi ba. Wace iska ce a gareji? Auta ce ta matsa sai na ƙera, wai haka ake yi wa jirage a makaranta, har ya zame mata…"

Bai ƙarasa ba. Saje ya ga fuskarsa ta sauya, ya ji duk haushin da tsohon ya ba shi tun safe ya koma tausayi.

"A kira min ita," in ji Saje.

Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a ƙasa.

"Ƙanwata, ɓarawo ba ya jera kusoshi, ba ya barin kwamfuta ya ɗauki abin da ba mai saye. Mama da Kafinta filogi suke cirewa, Baba makunni ɗaya yake bugawa. Wanda ya cire agogon nan ya ji tsoron taɓa waya da wuta a jiki, sai ya zauna ya kashe jirgin ɗaya bayan ɗaya, ya kafe sitiyari, ya ɗaure bel, bai ma san ya yi ba. Hannun da aka hora ne. A gidan nan hannu ɗaya aka hora."

Ba ta yi musu ba. Ta tafi ta dawo da agogon a naɗe cikin tawul, ta ajiye a gaban mahaifinta. Sannan ta juya ga Kafinta.

"Kawu, ka yafe min. Wallahi ban zaci Baba zai kai ƙara ba. Da na ji an tafi da kai, bakina ya ƙi buɗuwa."

Kafinta ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga hawayenta, ya rufe.

"Don me?" in ji Baba. "Don ke fa na yi jirgin nan!"

"Na san ba za ka bari malam ya ga aikinka da rami ba. Na ce ko za ka ɗaga zuwan nasa."

"In ya zo sai me?"

"Sai ya gaya maka ba ni da jarrabawa, Baba. An sallame ni tun watannin baya. Likitan makaranta ya ce bugun zuciyata ba daidai yake ba, ba za a ba ni jirgi ba har abada. Kullum na zo gaya maka, sai in tarar ka ƙara sabuwar allura kana kirana in gani."

Mama, da ta biyo hayaniya, ta tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zane yana ɗiga a ƙafarta.

Saje ya ja Kafinta gefe ya ce ya tafi gida, shi zai rufe maganar a ofis. Shi kuwa ya tsaya daga bakin ƙofa.

Baba ya daɗe yana kallon hancin jirgin nan, tun daga sitiyari har fentin da ya shafa da hannunsa. Sannan ya ture tawul ɗin gefe ba tare da ya buɗe ba. Ya kamo hannun 'yarsa, ya ɗora yatsunsa biyu a wuyan hannun, ya sunkuyar da kai yana saurare.

"Watanni," ya ce. "Watanni kina yawo da wannan a ƙirjinki, ni ina nan ina gyaran ƙarfe. Yana miki ciwo?"

"Wani lokacin, Baba."

Ya dubi matarsa.

"Ɗauko mata takalmi. Asibiti za mu yanzu."