Ruwan Hannun Goggo Habi

Gidan Goggo Habi da ke Cadawa ya cika ya batse ranar sunan jikarta. Autarta Nazira ce ta haihu, haihuwar fari kuwa, don haka tun da hantsi guɗa ke tashi. Rufaida ma ta zo daga Maradi, inda take shekara ta biyu a makarantar koyon kiwon lafiyar al'umma. Goggo yayar mahaifinta ce, kuma duk dangi sun san da an yi kaka za a sa ranarta da Lurwanu, babban ɗan Goggo.

A zaure ya tare ta.

"Likita bokan Turai! Yau kuma wa za a soka ma allura?"

"Kai zan fara sokawa, manomin aya."

"Ai tun bara kika soke ni, a nan." Ya dafa ƙirji.

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige tana dariya.

Da azahar aka fito da tuwo, aka kawo kwanon wanke hannu. Yadda aka gada, babba ke fara tsoma hannu, sai mai bi masa, har a kai ga yara, duk a ruwa ɗaya. Goggo ta fara, tsofaffi suka bi. Kafin kwanon ya iso gaban Rufaida ruwan ya koma kamar tsari. Goggo da kanta ta tura mata, abin da ba kowa take yi wa ba.

Rufaida ta janye hannu.

"A'a Goggo, wanga ruwa ai duk mikrob ne, ƙwayoyin cuta!"

Kowa ya juyo yana kallonta. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa, kuma ba ta da mugun nufi ko na ƙwayar gero. Sai dai a gaban baƙi ta faɗa, magana kuwa zarar bunu ce.

"Mi kika ce?" Goggo ta ɗaga hannunta sama. "Hannun nan da ya wanke ma ubanki kashi, shi ne mikrob? Ƙyamata kike, ɗiyar Hashimu?"

"Goggo, wallahi ba haka..."

"Rufe mani baki! In lakol ɗin nan da kike karatu rashin kunya take koya maki, to ki zaɓa: ko ita, ko ɗana. Ba a kawo mani wadda za ta riƙa toshe hanci a gidana!"

Lurwanu ne ya kai ta tasha a babur. Har suka isa kuka take, shi kuma idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Rufaida, ba ni iya saɓa ma Inna, kuma ba ni iya rabuwa da ke. Ki je ki ce mata ruwan nan lafiya lau yake, a wuce wurin."

"Yaya, in na ce haka na yi ƙarya. Haƙuri zan ba ta, amma ba da ƙarya ba."

"To lakol fa?"

"Ita ma ba ni bari. Kai ma ba ni bari."

Ya dube ta, haushi da sha'awa suka haɗe masa. Wannan taurin kan shi ne abin da ya fi so a wurinta, ga shi yau yana neman raba su.

A makaranta malamarsu, Madam Hafiza, ta ga Rufaida ta rame, ta tsare ta har ta ji labari. Sai da ta yi dariya tukuna.

"Ke, likita mutum ɗaya yake dubawa, mu gari muke dubawa. Gari kuwa ƙofarshi tsofaffi ne. Ke kin haura ta katanga, kina mamakin an ce maki ɓarauniya!"

Da damina ta faɗi aka rarraba ɗalibai aikin gwaji a ƙauyuka. Rufaida ta roƙi a tura ta Cadawa, ta sauka gidan wata ƙawarta. Kullum kafin ta tafi asibiti sai ta biya ta durƙusa ta gaida Goggo, Goggo ta kau da kai. Ta share tsakar gida, ta cika randa, ta tafi. In ta taso da rana, ana fito da abinci sai ga ta da buta, da sabulu, da tasa. Ta durƙusa a gaban Goggo, buta a ɗage. Goggo ta kewaye ta ta tsoma hannu a kwanonta. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ana nan, wata rana maƙwabciyarsu ta shigo ta tarar da ita a durƙushe.

"Iye! Habi, yaushe aka naɗa ki sarauta? Har da mai zuba maki ruwa? Mu dai namu surukan ko sannu sai mun roƙa!"

Goggo mace ce mai son girma, ba ta kuwa ɓoyewa. Ta yi gyaran murya, ta miƙa hannu kamar dama can haka aka saba. Rufaida na zuba ruwa hawaye na zubo mata.

Da maƙwabciya ta fita, Goggo ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "To gaya mani. Mi kika gani a hannuna ran nan?"

"Goggo, ki yafe mani, bakina ne ya yi kuskure. Hannunki ba shi da komi. Ke ce farko, kullum ruwa mai kyau kike samu. Amma wa ke wankewa a ƙarshe?"

Goggo ta juya. Jikokinta ƙanana ne zagaye da kwanon, suna dama ruwan da kowa ya gama da shi, ɗaya har ya kai hannu baki.

Rufaida ta ci gaba, "Duk abin da manya suka kwaso a gona da kasuwa, a hannunsu yake ƙarewa. Shi ya sa in damina ta yi, zawo su yake fara kayarwa. Kullum su ake kawo muna asibiti."

Goggo ta ƙura wa yaran ido.

"Biyu na rufe," ta ce a hankali. "Ƙannen Lurwanu. Duk da damina, duk zawo."

"Kwanansu ne ya ƙare, Goggo. Allah ya sa masu ceto ne."

"Kwana ne, ɗiyata, na sani. Amma da wani ya gaya mani..."

Ta goge ido da bakin zane, ta tashi, ta ɗauki kwanon ta watsar da ruwan a bayan ɗaki. Ta karɓe butar daga hannun Rufaida.

"Ku zo nan! Ƙarami shi ne farko!"

Kafin kaka, babu suna ko biki a unguwar da za a yi Goggo Habi ba ta tsaya a kan abinci da buta ba. Wa ya isa ya yi mata gardama? Abin da Rufaida za ta shekara tana faɗa ba a ji ba, Goggo da tsawa ɗaya take gamawa.

Da aka gama haƙar aya, Goggo ta sa Lurwanu ya ɗauke ta a babur har Gangara, garin su Rufaida. Malam Hashimu ya fito yana fargaba, don tun ranar suna ba ta amsa gaisuwarsa.

"Yaya, in kan maganar lakol ne, sai in ce ta bari..."

"Ta bari? Kai Hashimu har yanzu ba ka yi wayo ba! Sa rana na zo, amma biki sai ta karɓo diflom ɗinta na gama karatu. Ni na jira, ɗana ma ya jira."

Lurwanu ya marairaice. "Inna, shekara guda fa!"

"Ita da ta yi damina guda a durƙushe, ƙafarta ta karye?"

Daga bayan ƙyaure, inda Rufaida ta laɓe, aka ji kuka da dariya a haɗe.

'Yan'uwa masu karatu, ilimi magani ne, amma ladabi ne cokalin da ake ba da shi. Rufaida ba ta sayar da gaskiya don soyayya ba, ba ta kuma ɗaga wa babba kai don tana da gaskiya ba. Ta yi haƙuri, sai ga wadda ta kore ta ita ce ta zo biko da ƙafarta.