Fankar Ruwa Mai Fukafukai Takwas

A garin Bakura akwai wata yarinya 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, ba ƙarya. Amma kai, yarinyar nan akwai gaggawa! Ko shayi aka ba ta, sai ta ƙona harshe.

Wata Litinin Malam Zaharaddini, malamin kimiyya, ya shigo aji yana murmushi.

Ya ce, "Albishirinku!"

Yara suka ce, "Goro!"

Ya ce, "Za a yi gasar ƙere-ƙere a Talata Mafara. Makarantun Mafara da Bakura da Maradun duk za su zo. Mu ɗaliba ɗaya za mu tura, kuma ga ta nan."

Ya nuna yarinyar. Wayyo daɗi! Saura kaɗan ta faɗo daga benci.

Ta riga ta san abin da za ta ƙera: fankar ruwa. Idan aka zuba mata ruwa sai ta juya, ƙaramin ƙwan fitila ya kama.

Da aka tashi, ta ruga shagon kawunta, Kawu Balarabe, mai haɗa tagogin alminiyam. Ya yanko mata fukafukai takwas daga guntayen da suka rage, kowanne kamar tsawon yatsa. Ya yanko faifai ƙarami wanda za a manna su a jiki.

Ya ce, "Ɗiyata, ranar da za ki manna su, ki kawo nan mu yi tare. Alminiyam ba kowane gam yake karɓa ba."

Ta ce, "To, Kawu." Amma ƙafarta ɗaya tana waje.

Kwana uku tana fenti. Wannan ja, wancan kore, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa. Faifan ma ta shafe shi fari tas. Suka yi kyau har ba ta son ƙuda ya sauka a kansu.

Da fenti ya bushe, sai ta ji ba za ta iya jira ba. Ta je kanti ta sayo sufa gulu.

Inna ta gan ta. Ta ce, "Ke, ba kawunki ya ce ki kai masa ba?"

Ta ce, "Inna, Kawu yana da aiki. Wannan gam ɗin ko yatsa ya kama ba ya saki."

Inna ta ce, "Yatsa daban, ƙarfe daban. Na dai faɗa miki."

Ina! Ba ta ji ba. Ta ɗiga gam a kan fenti, ta danna. Ta ɗiga, ta danna. Kafin a kira la'asar fukafukai takwas sun tsaya cak. Ta yi ta tsalle a tsakar gida tana cewa, "Na gama! Na gama!"

Ranar Larabar gaba aka tara ɗalibai a filin makaranta don a gwada. Shugabar makaranta, Malama Kubura, ta zauna a gaba. Yarinya ta ɗauki buta cike da murna. Ta fara zuba ruwa.

Fanka ta juya. Ta ƙara gudu. Fitila ta kama!

Yara suka ɗauki tafi. Ita kuwa ta ƙara karkata buta.

Sai fit! Jan fiffike ya tashi sama. Fit! Kore ya bi shi. Shuɗi ya faɗo daidai ƙafar Malama Kubura. Fitila ta mutu. Fanka ta tsaya da fukafukai biyar, ta karkace kamar kazar da aka fige.

Fili ya ɓarke da dariya. Yarinya ta ji kunya ƙwarai, hawaye suka cika mata ido.

Malam Zaharaddini ya tsinto fiffike ɗaya. Ya ce, "Zo ki duba. Me kika gani a gindinsa?"

Ta duba. Ta ce, "Fentin ya fita, Malam. Ƙarfen ne kawai."

"To, dubi faifan."

Ga gam nan a jikin faifai, ga jan fenti manne da shi.

Malam ya ce, "Kin gani? Gam ɗinki fenti ya kama, bai taɓa ƙarfe ba. Da ruwa ya buga, sai fenti ya ɓare."

Malama Kubura ta ce, "Gasa ranar Asabar ce. Idan ba ki gyara ba zuwa Juma'a, sai mu tura wani."

Yarinya ta kwashi kayanta ta nufi shagon Kawu. Ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, murya ƙasa-ƙasa. Sannan ta buɗe leda.

Kawu ya leƙa. Ya ce, "A'a! Wa ya ci fukafukan?"

Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ban ji maganarka ba."

Ya ce, "Tunda kin faɗa da bakinki, ya wuce. Share hawaye. Yau ba za mu taɓa fanka ba."

"Ba za mu taɓa ba? Kawu, saura kwana uku!"

"Na sani. Gwaji za mu fara yi. Ni ko taga zan haɗa, sai na gwada a guntu."

Ya zaro guntaye masu fenti daga ƙarƙashin tebur. Ya jera su bibbiyu, kashi huɗu. Kashi na farko ta manna da sufa gulu. Na biyu da gam ɗin takalmi. Sai Kawu ya fito da wasu 'yan robobi biyu.

Ya ce, "Wannan shi ne gam ɗin tagwaye. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Matso daidai wa daida, ki cakuɗa."

Ta cakuɗa da tsinke a kan kwali. Kashi na uku ta manna a kan fenti. Kashi na huɗu kuwa, Kawu ya sa ta kankare fentin da sanfefa, ta goge da sifirit, sannan ta manna.

Ya ce, "Sai gobe."

Ta ce, "Gobe?"

Ya ce, "Gobe. Wanga gam ba ya son a tsaya masa a kai."

Ranar Alhamis ana tashi daga makaranta ta iso tana haki. Kawu ya ce, "Ja mu gani."

Na farko, ta ɗan buga shi a tebur, ya rabu. Na biyu ya yi ta miƙewa kamar cingam, ya saki. Na uku ya yi gardama, amma da ta murɗa, fenti ya ɓare.

Ta ɗauki na huɗu. Ta ja. Ta murɗa. Ta tsoma a ruwa ta sake ja har ta cije leɓe. Ko gezau!

Ta yi ihu, "Kawu, shi ne! Shi ne!"

Kawu ya miƙa mata sanfefa. Ya ce, "To, bisimilla. Kankare gindin kowane fiffike, da wurin zamansa a faifai."

Murna ta koma ciki. Ta dubi fentinta mai kyau. Ta ce, "Kawu, kwana uku na yi ina shafa shi."

Ya ce, "Zaɓi ɗaya. Ko ta yi kyau a tebur, ko ta juya a Mafara."

Ta sake duban fentin. Sannan ta sa sanfefa. Abin ya yi mata zafi, amma ta kankare duka takwas, har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Ta goge, ta cakuɗa gam, ta manna. Suka ɗaure da zaren roba, suka ajiye a kan kantar shago.

Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi ta taɓa. Ta sa shi a bayanta.

Ranar Juma'a suka kwance roba. Ta shafa ɗan fenti a kan wuraren da suka fito. Malama Kubura ta gwada da kanta, ta ce, "Ki shirya."

Asabar da safe suka shiga mota zuwa Talata Mafara. Mota tana tsalle a rami, yarinya tana rungume da kwali tana addu'a.

Zauren gasa ya cika maƙil. 'Yan Maradun sun kawo motar kwali mai tafiya da batir. 'Yan Mafara sun kawo murhun rana. Da aka kira Bakura, ta fito ta ɗauki buta.

Fanka ta juya. Fitila ta kama. Ta ƙara ruwa, fanka ta ƙara gudu, launuka suka haɗe kamar bakan gizo. Buta ta ƙare, fukafukai takwas suna nan daram!

Ɗaya daga cikin alƙalai, wata mata mai tabarau, ta matso. Ta ja fiffike ɗaya, bai motsa ba. Ta ce, "Yarinya, da me kika manna wannan?"

Yarinya ta ce, "Da gam ɗin tagwaye. Amma da farko na yi kuskure." Ta ba da labarin duka, har da dariyar da aka yi mata da gwaji huɗu. Ba ta ɓoye komai ba.

Matar ta dubi sauran alƙalai. Ta ce, "Wannan ta san abin da ta ƙera."

Da aka zo faɗin sakamako, Bakura ce ta ɗaya! Malam Zaharaddini ya yi ta tafi har hularsa ta faɗi. Yarinya ta karɓi kofi.

Ranar Litinin Malama Kubura ta kira ta gaban ɗalibai. Ta ce, "Faɗa musu abin da kika koya."

Yarinya ta ce, "Na koyi abu uku. In wanda ya san aiki ya yi magana, in saurara. Kafin in yi aiki babba, in gwada a ƙarami. Kuma in an ce a jira, in jira."

Wannan karon ma fili ya ɗauki tafi, kuma babu wanda ya yi dariya.

Yara, ku riƙe wannan: ku tambayi wanda ya sani, ku gwada kafin ku fara, kuma kada ku yi gaggawa.