Saƙon da Ba Nata Ba

Ranar da Nimra ta shigo shagonsa, Tauƙir yana cin abincin rana shi kaɗai, kamar kullum tun da aka koro shi daga Italiya. Shekara tara ya yi yana aikin gini tsakanin can da Sifen, da kunne da tsohon ƙamus ya koyi harsunan. Yanzu a garin Gujrat na ƙasar Pakistan, kusa da kotu, yake fassara saƙonnin masoya zuwa Turanci, domin ofishin bizar Ingila sai ya ga shaidar soyayya. Ya yini yana rubuta "rayuwata" a madadin wasu, ya buga hatimi, ya koma ɗakin da ba mai jiransa.

Nimra malamar firamare ce. Ta kawo saƙon da Zubair, ɗan kawunta da aka yi musu baiko, ya turo daga Basalona da Sifaniyanci. Kalamai ne masu narka zuciya, sai dai sunan wata Lusiya ne a ciki.

"Wayata ta fassara," in ji ta, "amma Baba ya ce na'ura ba shaida ba ce. Hatiminka nake so."

Ya ce ta dawo gobe.

Da la'asar mahaifinta ya zo, ya roƙe shi ya rubuta cewa baitin waƙa ne kawai, kada zumunci ya lalace. Tauƙir ya ƙi, amma bai yi fassarar ba. Mako uku tana biyowa in an tashi makaranta, yana kawo uzuri, suna shan shayi, tana tsokanarsa da Malam Gobe. Ya wayi gari yana sonta, nan abin ya cakuɗe masa. Gaskiyar da za ta amfani mai faɗinta, anya tana nan da tsarkinta?

Ya tura mata saƙo: "Na gama. Amma ki kai wa wani tafinta a birnin Lahor ya duba, kada ki yarda da ni. Ina sonki, mai so kuwa hannunsa kan karkace."

Ta zo ta ɗauki takardar, ta tafi.

Aka fasa baikon. Tauƙir ya aika neman aurenta, uban ya ce ba zai ba korarre 'yarsa ba. Wata huɗu shiru. Tauƙir ya riƙa kauce wa titin makarantarsu, ya ɗauka ta tsane shi.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Gobe, ban je Lahor ba. Baba ne ya je a ɓoye, yana neman kuskurenka ko guda. Tun da ya dawo bai ce uffan ba sai jiya. Ka tanadi shayi mai kyau, sanyin idona, yana hanya."

Da tsohon ya iso, ya zauna yana juya kofi.

"Na Lahor ya ce har sassauta kalma biyu ka yi. Me ya sa?"

"Ita za ta karanta, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya tambaye shi ko yana da manya.

Ba shi da kowa sai wata gwaggo a ƙauye. Ita ta zo ranar ɗaurin auren, ta dafa kawunansu, tana kuka tana cewa Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa su tsufa tare. Mahaifin Nimra ne ya fara cewa amin.