Rabon Maƙwabci

Ana dab da magariba uwar gidan tana kwashe shanya sai dutse ya faɗo kan kwano. Na biyu ya biyo, alhali layin shiru. Ta leƙa ɗaki ta tarar da 'yarta Auta a gefen gado, numfashinta na fita da ƙara siririya, kamar tayar da ta huje.

Wata biyar ke nan da rasuwar maigidan. A ɗakin gwaji ɗaya suke aiki, ita tana auna sinadarai, shi yana kula da na'urar da ke rarrabe su. Iska ce daga tukunyar ƙarfe take tura samfur ta cikin siririn bututu, in ta yi kaɗan sakamako ya makara. Takardar aiki ta ce a saita gudun iskar a ɗaya da ɗigo biyu. Marigayin kuwa ɗaya da ɗigo biyar yake sawa, a littafinsa ya rubuta gefen lambar: "rabon maƙwabci." Ta ɗauka shirmensa ne, don mutum ne da ko ƙusa sai ya raɗa mata suna.

Da na'urar ta dawo hannunta bayan rasuwarsa, ta mayar da saitin yadda takarda ta ce, sakamako ya dinga makara. Ta bi mahaɗun bututun da ruwan sabulu har kumfa ta tashi a wata, ta sa sifana ta ɗaure tam. Ranar ce jifan ya fara.

Kwana shida Auta ba ta numfashin kirki. Asibiti suka ce ƙirjinta lafiya lau. Abin da uwar ta ɓoye wa kowa shi ne, duk magariba yarinyar takan kira ta "'Yar Lissafi" da muryar marigayi, sunan da shi kaɗai ya sani. Ita kuma takan zauna ta saurara.

A rana ta bakwai yayan uwar ya kawo malami. Malamin ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe.

"Shekara tara ina shan iska a mahaɗar bututun nan," in ji muryar. "Mijin matar nan ya sani, ya bar min rabona. Ita ta shaƙe ni."

"Ba da sani ta yi ba," in ji malamin. "Za ta kwance. Ka fita."

"Zan fita. Amma muryar nan a wurinsa na koya, da ni za ta tafi. In tana so in zauna, kullum in kira ta."

Malamin ya dubi uwar. Saura kaɗan ta ce wa muryar ta zauna, abin da har ta mutu za ta ji kunyarsa. Sannan ta ga leɓɓan 'yarta sun bushe sun yi fari.

"Ƙara kirana sau ɗaya," ta ce.

"'Yar Lissafi."

"To, fita."

Auta ta ja dogon numfashi, ta nemi ruwa da muryarta.

Washegari uwar ta sassauta mahaɗar kaɗan, ta mayar da iskar ɗaya da ɗigo biyar. Sakamako ya fito kan lokaci. Da aka tashi aiki ta kara kunnenta a wurin, ta daɗe a sunkuye. Iska ce kawai take fita.